Yaro Yana Ƙoƙari Amma Maki Bai Nuna Ba: Yadda Sakandare Ke Auna Ɗalibi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana SS1. Kullum yana kan littafi, ba ya fashin makaranta, ba ya barin jinga ta kwana. Sakamakon zango na biyu ya fito, ya zo na 24 cikin 58. A Lissafi ya samu 31 cikin 40 a CA, 16 cikin 60 a jarrabawa, jimla 47, aka rubuta masa D7. A ƙasan katin kuma malamin ajinsu ya ba shi 5 a mai da hankali, ya rubuta cewa yaro ne mai ƙoƙari. Ɗan wan babansa da suke aji ɗaya, wanda ban taɓa ganinsa riƙe da littafi ba, shi ya zo na 3, Lissafi ya samu 68 (CA 22, jarrabawa 46). Wai yaya ake ba da makin nan? Ƙoƙarin yaro ba ya shiga ciki ne? Tunda malamin ya san yana yi, me ya hana ya ɗan ƙara masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya su duka biyun, Ya yi musu albarka. Na koyar da Lissafi a sakandare shekara ashirin da 'yan kai, na riƙe aji, na kuma zauna a ofishin jarrabawa inda ake tara makin makaranta gaba ɗaya, don haka irin katin da kika kwatanta na san shi ciki da bai. Malamin ya kyauta da bai ƙara masa maki ba, ya kuma kyauta da ya rubuta cewa yaron yana ƙoƙari. Abu biyu ake aunawa a katin nan, kowanne da mudunsa. Sai dai akwai abin da na hango a lambobin da kika kawo wanda ya fi D7 ɗin tsaya mini a rai, zan zo kansa in mun gama warware katin.

A yawancin makarantunmu kowane darasi maki 100 ne a zango, an raba shi gida biyu. Gida na farko shi ne CA, wato awon da ake yi wa ɗalibi a kai a kai daga farkon zango har gab da jarrabawa. Na biyu jarrabawar ƙarshen zango. Wasu makarantu 30 da 70 suke rabawa, wasu 40 da 60 kamar makarantar ɗanki. Shi ma 40 ɗin akan ƙara yanka shi, misali gwaji na farko 10, na biyu 10, jinga 10, sauran 10 na aikin aji ko duba littafin rubutu. Yankan ya danganta da makaranta da abin da ma'aikatar ilimi ta jiha ta tsara, kuma haƙƙinki ne ki tambaya a faɗa miki yadda nasu yake.

Kafin shekarun 1980 kusan komai na ɗalibi ya rataya ne a kan jarrabawar ƙarshe. In zazzaɓi ya kwantar da yaro a makon, wahalar shekara ta tafi a banza. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ita ta kawo CA don kada rana ɗaya ta yanke wa yaro hukunci. Ta kuma ce a dubi ɗalibi ta fuska uku: abin da ke kansa, halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Wannan rabon ya samo asali ne daga aikin wani masanin ilimi na Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa, wanda suka fara fitarwa a 1956. Shi ya sa katin ɗanki yake da sama da ƙasa. Sama darussa da makinsu, ƙasa hali da ɗabi'a da aikin hannu.

Haruffan da ke gefen maki kuwa aro ne daga WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, wadda ke shirya jarrabawa a Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. NECO, da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, ita ma haruffan take amfani da su. Ma'aunin da makarantu suka saba da shi shi ne: 75 zuwa 100 A1, 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, 60 zuwa 64 C4, 55 zuwa 59 C5, 50 zuwa 54 C6, 45 zuwa 49 D7, 40 zuwa 44 E8, duk abin da bai kai 40 ba F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit, D7 da E8 fas ne kawai. Kan iyakar nan ta tsakanin C6 da D7 ita ce wadda ke da nauyi a rayuwar yaro, domin jami'a kiredit biyar take nema, ciki har da Turanci, kuma ga mai son kimiyya, likitanci, injiniyanci ko harkar kuɗi dole har da Lissafi. Ɗanki maki uku ya rage masa ya taka ta.

Kada ki ɗauki 47 ɗin kamar awon sikelin mai gwal. Tun 1912 da 1913 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka rarraba kwafin takardar ɗalibi ɗaya ga malamai sama da ɗari don kowa ya yi mata maki. A takardar Lissafi, darasin da mutane suke ɗauka ba a jayayya a kansa, wani ya ba ta ƙasa da 30, wani sama da 90. Dalili shi ne wani malamin amsar ƙarshe kawai yake dubawa, wani yana bin hanyar da aka bi mataki-mataki. Saboda irin wannan ne WAEC take tara masu makin takardu ta zauna da su a kan tsari ɗaya kafin kowa ya ɗauki jan biro, kuma a Lissafi akwai makin hanya daban, akwai na amsa daban. Malamin makaranta nagari shi ma yana rubuta tsarin makinsa tun ranar da ya fitar da tambayoyi. Duk da haka, tsakanin 47 da 50 hannun malami na iya shiga. Tsakanin 16 da 46 a jarrabawa ɗaya kuwa, wannan ya wuce hannun malami.

Zancen na nawa yaro ya zo ba sai na daɗe a kansa ba. Ana haɗa makin duk darussa, a jera daga babba zuwa ƙarami, shi ke nan. Yana gaya miki inda yaro ya tsaya cikin waɗanda ya tarar a ajin, ba ya gaya miki abin da ya iya. Na 24 a aji mai zafi zai iya fin na 3 a wani ajin. Na sha ganin maki biyu ko uku cikin jimlar 900 sun raba mutum biyar a jere. Iyaye shi suka fi tambaya tun daga bakin ƙofa, ni kuwa shi nake dubawa a ƙarshe.

To, ƙoƙari fa, ina yake shiga? Wuri biyu. Na farko ta bayan gida, cikin CA. Yaron da ba ya fashi ba zai rasa gwaji ba, wanda yake kawo jinga a kan lokaci yana kwashe makinta, wanda littafinsa ya cika yana samun na duba littafi. Ɗanki ya riga ya karɓi ladan himmarsa a nan, shi ne 31 ɗin da ya fi na ɗan'uwansa da maki tara. Wuri na biyu shi ne ƙasan katin, inda malamin aji yake ba da 1 zuwa 5 a kan zuwa da wuri, halarta, tsafta, ladabi, gaskiya, mai da hankali, juriya, zama da jama'a, sai irin su kyan rubutu, wasanni da zane. Daga nan sai layin bayanin malamin aji da na shugaban makaranta. Waɗannan ba sa shiga jimlar maki, ba sa kuma taɓa matsayi. 'Yan'uwanmu na Nijar, inda ake ba da maki a kan 20 kuma 10 ce madaidaiciya, suna da abin da ya yi kama da haka a tsarin da suka gada daga Faransa: malaman aji suna zama a ƙarshen zango, su rubuta wa ɗalibi yabo, ko ƙarfafa gwiwa, ko gargaɗi, a gefen makinsa ba a cikinsa ba.

A nan ne nake da ƙorafi a kanmu malamai. Ɓangaren nan na ƙasa shi aka fi zalunta a katin. Malami mai riƙe da yara 70 ko 90, an ba shi kwana biyu ya cike katuna, sai ya bi layi yana zuba 4, 4, 3, 4 ba tare da ya tuna fuskar yaron ba. In ma ya tuna, abin da ido ya saba gani yake bi. Yarinya mai shiru, mai fararen kaya, takan samu 5 a komai ko da hankalinta ba ya ajin. Yaro mai yawan tambaya da musu yakan tashi da 2 a ladabi, alhali shi ne ya fi kowa bin darasin. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yaron da sai ya kai kaya shago ko ya ɗebo ruwa kafin ya taho, ko yarinyar da sai ta gama tallan safe. Sukan iso an rufe ƙofa, a tsugunar da su, a ƙarshen zango a rubuta musu 1 a zuwa da wuri, wani ma ya ƙara da cewa ba sa mai da hankali. In da ƙoƙari ake aunawa da gaske, ba wanda ya kai su a ajin.

Da na gane haka sai na daina dogara da abin da zuciyata ta raya mini. Na buɗe shafi a bayan rajista, kowane yaro da layinsa. Jinga nawa na bayar, nawa ya kawo, nawa a kan lokaci. In na mayar masa da takarda, ya sake yin waɗanda ya faɗi ko ya ninke ta ya jefa a jaka. Ya taɓa biyo ni ɗakin malamai ko ya tsayar da ni a baranda ya ce bai gane ba. In ya ci karo da tambaya mai wuya, ya gwada ya ɓata ko ya bar wurin fari fat. Waɗannan abubuwa ne da ake ƙirgawa, in uba ya zo ya ce don me aka ba ɗansa 2, akwai abin da zan buɗe in nuna masa. Don haka ki tambayi malamin ajin, cikin girmamawa, me ya gani ya ba da 5 ɗin. In ya iya lissafa miki, kin samu malami, ki riƙe shi da kyau.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, me ya hana a ƙara masa. Hajiya, manomin da ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noman farko da maimai, damina ta yi masa gardama ya samu buhu uku, in ya kai kasuwa buhu uku mai awo zai ce. Kowa ya san ya sha wahala, ana tausaya masa, ladansa na wurin Allah, amma in mai awo ya rubuta biyar don tausayi ya cuci mai saye, ya kuma cuci manomin da zai koma gida yana lissafin abincin da babu shi a rumbu. Maki shaida ce malami yake bayarwa cewa wannan yaro ya iya kaza cikin abin da aka koyar. Malamin SS2 da wannan shaidar zai yi aiki, ya ɗora sabon gini a kan tubalin da aka ce masa yana nan. Ke ma da ita za ki yanke shawarar ko a nema masa lesin ko a bar shi. Da an mayar da 47 ta zama 52, da kin ga C6 kin yi hamdala kin ajiye katin, da ba ki rubuto wannan tambayar ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo malam ba ya cewa a wanke don almajiri ya kwana yana kai da komowa a gaban wuta. Sai ya biya daidai. Malam yana ganin ƙoƙarinsa, yana sa masa albarka, yana iya zaunar da shi kusa ya riƙa maimaita masa, amma allon yana nan da rubutunsa har sai karatu ya zauna. Ba wanda ya taɓa kiran wannan mugunta.

Na taɓa aiki a wata makarantar kuɗi inda aka tara mu gab da hutu aka ce kada a ga jan biro a katin kowa, duk wanda bai kai 40 ba a ɗaga shi, don kada iyaye su kwashe 'ya'yansu. Akwai yarinya a ajin, mai ladabi, mai himma irin ta ɗanki, da aka yi ta ɗagawa tun daga JSS. Katinta bai taɓa nuna ƙasa da C ba. Ta zauna WAEC ta fito da F9 a Lissafi, ta sake, ta fito da E8. Mahaifinta ya zo da katunan shekara shida a hannu yana tambaya ina makin nan suka tafi. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi, domin da an faɗa masa gaskiya tun tana JSS2, lokacin gyara yana nan. WAEC tana karɓar makin CA daga makarantu, amma kaso mafi tsoka na jarrabawarta ne, kuma wanda zai yi makin takardar bai san yarinyar ba, bai san ladabinta ba, lamba kawai yake gani. A Kano ma tun a SS2 ake zama jarrabawar kwalifayin da gwamnati ke dubawa kafin ta biya wa ɗalibi kuɗin jarrabawar fita. Duk makin da aka ba yaro kyauta, akwai ranar da za a karɓe shi.

Mu koma kan 31 da 16, abin da na ce ya tsaya mini. 31 cikin 40 ya haura kashi 77 cikin ɗari, wato A1. 16 cikin 60 bai kai kashi 27 ba, F9 ce mai zurfi. Yaro ɗaya, darasi ɗaya, malami ɗaya, zango ɗaya. D7 ɗin da kika gani haɗin gambiza ce ta waɗannan biyun, ta rufe labarin. In na ga tazara irin wannan, abubuwa kaɗan nake zargi, kuma kowanne da maganinsa daban.

Wanda na fi cin karo da shi shi ne yaro yana karanta Lissafi kamar yadda ake karanta Tarihi. Ya buɗe littafi, ya bi misalin malam da ido, ya ga kowane mataki ya yi masa daidai, ya ce ya gane. Jinga in ta zo, littafin na buɗe a gefensa, tambayar kuma ƙanwar misalin ce, lambobi kawai aka sauya, sai ya ci. Gwaji yana zuwa mako biyu bayan darasi, a kan babi ɗaya ko biyu, hadda tana ɗauke da shi. Jarrabawa kuwa ta haɗa babi goma, an gauraya su, ba wanda zai gaya masa wannan tambayar ta wane babi ce. A nan hadda take sauke shi. Irin wannan yaro da gaske yake wahala, awa uku zai yi a zaune, amma kallon Lissafi yake yi, bai taɓa yin sa da littafi a rufe ba.

Na biyu rami ne tun daga baya. Lissafin SS1, irin su logarizim, ƙa'idojin ɗaga lamba da aljabara mai ɗan zurfi, duk a kan ƙananan abubuwa suke zaune: jadawalin sau, haɗawa da raba ɓangaren lamba, lambobin da ke ƙasa da sifili, ƙetarar da abu daga wannan gefe zuwa wancan. Yaron da ya baro JSS bai daidaita da waɗannan ba zai fahimci sabon darasi sarai, ya fara tambaya daidai, a layi na uku alamar ɗebewa ta kayar da shi. Na uku Turanci. Yara da yawa a nan Arewa in ka fassara musu tambayar da Hausa nan take za su warware ta, abin da ya kayar da su jimlar ce, ba lambobin ba. Sai tsoro, wanda ke sa yaro ya manne wa tambaya ɗaya har lokaci ya ƙare. Akwai kuma wanda ba na so in faɗa amma dole: wani lokaci jingar ba shi yake yi ba, ko wani yaya a gida ke yi masa, ko ana kwafa da safe kafin malam ya shigo. Ban ce ɗanki haka yake ba, yadda kika kwatanta shi ma bai yi kama ba, amma ki tabbatar.

Hanya ɗaya ce ta gane wanne ne: takardar jarrabawar da aka yi wa maki. Ki je, ko babansa ya je, wurin malamin Lissafin kansa, ba malamin aji kaɗai ba, ku roƙi a fito da ita ku duba tare da yaron yana zaune. In wurare da yawa fari ne, ko lokaci ne ko tsoro ko bai san ta inda zai kama ba. In ya fara daidai yana ɓata a tsakiya, ramin baya ne. In ya ci tambayoyin lambobi zalla ya faɗi masu dogon bayani, Turanci ne. Minti ashirin a kan takardar nan sun fi katin gaba ɗaya amfani. Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a 1988 da 'yan firamare a Isra'ila: wasu ta mayar musu da aikinsu da maki kaɗai, wasu da bayani kaɗai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kaɗai ba, kuma duk malami ya san dalili: ido na sauka kan lamba, yaro ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe takarda. Shi ya sa nake so ku zauna a kan takardar, ku ajiye zancen 47 a gefe.

Shi kuma ɗan wan babansa, kada 68 ta sa a ɗauke ido daga kansa. Ni ya fi ɗanki ba ni tsoro. 46 cikin 60 a jarrabawa ya nuna kansa yana ja, 22 cikin 40 a CA ya nuna akwai jingar da bai kawo ba ko gwajin da ya yi wa riƙon sakainar kashi. Da ya yi aikin da ɗanki yake yi, A1 ce tasa ba gardama. Irinsu kaifin kai yana ɗauke da su har SS2, wasu har jami'a, sai ranar da suka haɗu da karatun da ba ya shiga da ji ɗaya, a lokacin kuwa ba su taɓa koyon zama da littafi ba. Na ga da yawa sun zube a nan. Zai yiwu kuma yana karatunsa inda ba kya gani, ko yana saurare sosai a aji, wanda shi ma aiki ne. A duba ƙasan katinsa. In an zuba masa 5 a mai da hankali don kawai ya zo na 3, shi ma an cuce shi, domin ba wanda ya gaya masa cewa yana aiki da rabin abin da Allah Ya ba shi.

Ki kula da abin da ake faɗa a gida a gabansu. Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi gwaji a Amurka, suka buga a 1998: bayan yara sun ci wani aiki, wasu aka ce musu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce lallai kun yi aiki tuƙuru. Da aka kawo aiki mai wuya, 'yan rukunin farko suka fi saurin karaya, suka fi gudun abin da zai iya kayar da su, na biyun suka fi dagewa. Kalmar "shi ai mai ƙwaƙwalwa ne" da ake yi wa ɗan'uwan tana yi masa illa, tana kuma gaya wa ɗanki a fakaice cewa shi ba shi da ita. Amma "yana ƙoƙari" ita ma in aka tsaya a kanta takan zama ta'aziyya, yaro ya ji kamar an ce iyakarsa ke nan. Abin da ya kamata ya ji daga bakinki shi ne kin ga wahalarsa, kin yarda da ita, hanyar ce za a sauya.

Ga abin da zan sa shi yi in ɗalibina ne. Awa ukun nan a rage su koma minti arba'in kullum, littafi a rufe, biro a hannu. Tambaya biyar: biyu daga darasin makon, biyu daga babin da aka wuce, ɗaya daga littafin JSS2 ko JSS3. Sai ya gama zai buɗe ya duba. Duk wadda ya faɗi ya rubuta ta a wani littafi daban, ya sake gwada ta bayan kwana uku ba tare da ya leƙa ba. Ranar Asabar ya ɗauki tsofaffin tambayoyin jarrabawa ya yi da agogo a gabansa. In ɗan'uwansa zai yarda su zauna tare sau biyu a mako, shi ya yi bayani ɗanki ya yi tambaya, duka biyun za su ƙaru, domin mai bayani a nan yake gano abin da shi ma bai iya ba. In za a ɗauki mai lesin, a gaya masa daga JSS zai fara, kada ya zo yana maimaita abin da aka yi a aji da safe.

A yawancin makarantu zango na uku ake haɗa makin zanguna ukun a raba, da shi ake yanke wucewa SS2, don haka lokaci bai ƙure ba. In katin ya fito, ki fara duba layin jarrabawa kafin jimla da matsayi. In 16 ta koma 25 ko 28, aikin yana ci, ko da CA ta ɗan sauka, ko da har yanzu yana cikin na ashirin da wani abu. In ba ta motsa ba bayan an yi duk wannan, ki sake rubuto mini tare da irin tambayoyin da ya faɗi, mu duba su ɗaya bayan ɗaya.